Ranar da Shitu Ya Cika Rijiya

A Unguwar Sada, ƙauyenmu da ke bayan Tsiga, ba ka isa ka kawo labarin da Malam Shitu bai riga ka sani ba. Ka ce masara ta faɗi a kasuwar Funtua, ya ce tun bara ya gaya wa manya haka za a yi. Ka ce an cire tallafin mai, ya gyara zaman hula ya ce shi ma bai so ba, amma da aka nemi shawararsa babu yadda ya iya. Abin da ya ɗaure masa gindi shi ne ya taɓa yin gadi a sakatariyar ƙaramar hukuma, yana buɗe wa motocin manya ƙofa yana rufewa. Daga can ya dawo mana da tsohuwar jakar hannu da wata magana da ba ta barin bakinsa: "Ni na zauna da gwamnati, na san halinta."

Ba mugu ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaida. Cika baki ne kawai ya yi masa katutu, mu kuma Allah Ya yi mu da son sauraro.

Damuwar ƙauyenmu ɗaya ce, ruwa. Da zarar bazara ta kama sai rijiyar tsakar gari ta ƙafe ƙaf, ka jefa guga ka ji ya daki ƙasa. Mata su ɗauki jarkoki su nufi rafi, wanda shi ma suna kawai ya rage masa, su tona yashi su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Abin da ake samu launinsa ɗaya da kunun kanwa. Da shi ake tuwo, da shi ake alwala, da shi yara ke kamuwa da ciwon ciki.

Ana cikin haka saƙo ya iso wa Mai Unguwa Sada cewa gwamnati da wata ƙungiyar raya karkara za su haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Sai dai ɗaya ce tak. Ko a ba mu, ko a ba Gidan Ɗanasabe, ƙauyen Maguzawa maƙwabtanmu da ke tsallaken rafi. Ranar Alhamis injiniya zai zo ya duba garuruwan biyu da idonsa.

Bayan la'asar aka taru a gindin darbejiyar ƙofar Mai Unguwa. Dattijon ya yi bayani, ya ƙare da cewa, "An ce wanda ya fi buƙata za a ba. Mu kam ba mu da aiki. Idan baƙo ya zo, sai mu kai shi bakin rijiya ya leƙa."

Shitu ya kwashe da dariya har da dafe ciki. "Ranka ya daɗe, wanda ya fi buƙata? Ai wannan maganar rediyo ce. Ku tsaya in tambaye ku. A Funtua wace unguwa aka fara zuba wa kwalta, ta masu motoci ko ta masu jakuna?"

Aka ce, "Ta masu motoci."

"Takin gwamnati idan ya iso, wa ke fara samu? Mai gona ɗaya, ko Alhajin da ke da sito?"

Nan wuri ya ɗauki guna-guni, don ya taɓa mana inda ke yi mana ciwo.

"To kun gani," in ji Shitu, yana buga jakarsa. "Gwamnati ba ta kai kayanta inda babu. Inda akwai take ƙarawa. Idan injiniya ya zo ya ga busasshiyar rijiya da mutane furu-furu, zai ce waɗannan ko an ba su lalatawa za su yi. Amma ya tarar da rijiya cike, gari fes, sai ya ce madalla, ga waɗanda suka iya riƙon ruwa. Ban da haka ma, ina kunya? Baƙo ya zo gidanka ka ja shi madafa, ka buɗe masa tukunya ka ce duba, babu komai?"

Wannan ta ƙarshen ita ta kayar da taro. Mu mutane ne da za mu kwana da yunwa, gari ya waye a tambaye mu, mu ce lafiya lau. Tunanin a ce wani daga birni ya zo ya ga tsiraicin garinmu ya sa har Mai Unguwa ya sunkuyar da kai.

Mutum ɗaya ne ya yi magana, Ubaidullahi mai amalanke, taubashin Shitu, wanda ba ya barin ta kwana tsakaninsu. "To gwamna, rijiyar da ta bushe, da yawunka za ka cika ta?"

"Da shanunka," in ji Shitu. "Akwai ruwa a dam ɗin hanyar Malumfashi. Gobe da sassafe kowa ya fito da abin ɗaukarsa."

Washegari gari ya tashi tsaye. Amalanke, jakuna, babura, har da wani tsohon keke da aka ɗaura wa jarkoki ya koma kamar raƙumi. Aka yi ta jigila cikin rana, ana tuttula ruwa a rijiya, Shitu na tsaye a gefe yana ba da umarni da sandar kara.

Matarsa Hansai ta fito da bokiti ta tare amalanke. "Malam, tunda ga ruwa har ƙofar gida, a zuba mana a randa mana."

"Ke, matsa! Wannan ruwan na gwamnati ne."

"Gwamnatin ce za ta dafa maka tuwon dare?"

"Hansai, ba ki san tsari ba."

"Na san dai randata babu ko ɗigo. Idan tsarin ya nuna, ka zo da shi mu ci."

Mata suka yi shewa, Shitu ya yi kamar bai ji ba. Da la'asar ya ja Mai Unguwa su je su ga aiki. Suka leƙa. Rijiyar da ta yi watanni tana fama da ƙishi ta shanye komai, ta bar ɗan laka a ƙasa yana ƙyalli.

Ubaidullahi ya leƙa shi ma, ya ce, "Ta gode, ta ce a ƙaro."

Shitu ya ce da ma ya san haka za ta faru, wannan jiƙon farko ne. Abin da ya rage shi ne a shimfiɗa wa rijiyar tampol a ciki, irin wanda ake casar masara a kai. Aka kawo tampol. Sai aka rasa mai shiga. Kowa ya tuna yana da ciwon baya.

"Ku ba ni igiya," in ji Shitu da safiyar Laraba. "Rijiyoyin da na shiga a rayuwata sun fi gidajen garin nan yawa."

Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Tun bai yi nisa ba muryarsa ta sauya, ya fara karanto addu'o'in da bai sake bi ta kansu ba tun yana makarantar allo. Da ya isa ƙasa ya ɗan samu natsuwa, ya shiga shimfiɗa tampol yana kafe gefensa da turaku a jikin bango. Masu riƙon igiya suka ga aikin zai ɗauki lokaci, suka ɗaure ta a jikin itace suka koma inuwa shan fura.

Daidai nan Ubaidullahi ya iso daga dam, duro cike a kan amalanke. Ya juyo da shanu, ya saita bakin duro, ya buɗe. Har gobe yana rantsuwa bai san da mutum a ciki ba, har gobe kuma babu wanda ya yarda da shi.

Ihun da ya fito daga rijiyar nan sai da ya tayar da kajin unguwa. Aka rugo aka ja igiya. Shitu ya fito tsamo-tsamo, laka har gira, hula ta tafi, wani ɗan kwaɗo ya leƙo daga aljihun gaban rigarsa ya yi tsalle ya kama gabansa.

Ya tofar da ruwa, ya dubi jama'a. "Gwaji nake yi. Tampol ya riƙe. Ku ci gaba da zubawa."

Abin haushi, tampol ɗin kuwa ya riƙe. Kafin magariba ruwa ya hau har ana ganin fuska a ciki, kan Shitu ya ƙara girma. Ya sa aka shafe bakin rijiya da farar ƙasa. Ya ce kowa ya yi wanka da wanki, wanda ya tashi da kaushi gobe kada ya fito. Ya sa mata suka ɓoye jarkoki a bayan rumbu, ya sa aka kafa zana a kan hanyar rafi don kada baƙo ya ga sawu. Sannan ya tara gari ya yi gargaɗi. "Duk abin da aka tambaye ku, amsa ɗaya ce, sai godiya."

Iya Bilki, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, ta ɗago kai. "Yo ɗan nan, da can me muke cewa?"

Ranar Alhamis da hantsi farar mota ta shigo gari. Shitu ya sha babbar rigar aro, ya je ya buɗe ƙofa da irin ƙwarewarsa ta sakatariya, yana "Barka da zuwa, Yallaɓai," sai ga mace ta fito. Injiniya Rashida ke nan, 'yar siririya mai tabarau, takalminta buɗu-buɗu da ƙasa. Shitu ya ɗan daburce, ya gyara ya ce, "Hajiya, ai mun san ke ce za ki zo, an sanar da ni daga sama."

Daga Gidan Ɗanasabe take. A can, kamar yadda direbanta Jibril ya ba da labari daga baya, tsoho Ɗanasabe bai yi wani shiri ba. Ya shimfiɗa mata tabarma, ya sa aka kawo mata ƙwaryar ruwan da suke sha. Ta duba, ta kai baki don ta yi masa kara, ta kasa sha. Ya ce ta yi haƙuri, wannan ma na baƙi ne, an tace shi da ɗankwali.

A wurinmu kuwa ta tarar an yi wa fili yayyafi, ƙasa na ƙamshi kamar an yi ruwan farko. Ga butoci a jere a ƙofar masallaci, kowace cike. Ga ruwan leda a bokiti da ƙanƙara, ga zoɓo. Mutane sun fito fes, har waɗanda rabonsu da irin wannan wankan tun ƙaramar salla. Kafin ta zauna Shitu ya ɗaga hannu, majiya ƙarfi suka hau motarta da soso da sabulu, ruwa na malala har gindin darbejiya. Mata na daga bayan zana suna kallon ruwan nan yana bin ƙasa, kamar su yi kuka.

Injiniya ta gaida Mai Unguwa, ta ce, "Baba, yaya kuke fama da matsalar ruwa a nan?"

Dattijon ya buɗe baki, Shitu ya riga shi. "Matsala? Hajiya, a nan? Ai mu sai dai mu ji a rediyo wasu na fama. Mu ruwa har rasa yadda za mu yi da shi muke."

"Ikon Allah. Ko da bazara?"

"Da bazara ma ya fi yawa."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ta tashi ta nufi wajen mata, ta durƙusa gaban Iya Bilki. "Iya, ke fa? Yaya ruwa?"

Tsohuwa ta dubi baƙuwa, ta dubi Shitu da ke zare mata ido, ta ce, "Sai godiya, 'yar nan."

"Yara ba sa ciwon ciki?"

"Sai godiya."

"Ba kwa tafiya nesa ɗiba?"

Iya Bilki ta shafa wuyanta, ta ce, "To, sai dai godiya."

Hansai ta motsa za ta yi magana, maƙwabciyarta ta take mata ƙafa.

Aka rankaya bakin rijiya. Shitu ya naɗe hannun babbar riga ya karɓi guga. "Hajiya, bari in ja miki da kaina. Rijiyar nan tun zamanin kakanni ba ta taɓa ƙafewa ba." Ya zura, ya ja, ya dire guga a gabanta cike taf. Sai ruwan ya motsa. Wani abu baƙi ya yi wutsil, ya fantsama wa injiniya ruwa a tabarau, ya faɗo ƙasa yana birgima. Tarwaɗa ce, ƙatuwa mai gashin baki, wadda ta biyo duron Ubaidullahi daga dam.

Kowa ya dubi Shitu. Duk mai hankali a nan ya san asiri ya kusa tonuwa. Amma Shitu, da ya ga ido ya dawo kansa, sai bakin ya ƙwace masa.

Ya cafke kifin ya ɗaga sama. "Kin gani ko, Hajiya? Har kifi muke kiwo a ciki! Wannan ma ƙarami ne. Manyan ba sa shiga guga."

"Sai da ƙugiya," in ji Ubaidullahi daga baya.

"Sai da ƙugiya!" Shitu ya maimaita da ƙarfi, bai ma lura da wanda ya faɗa ba.

Injiniya Rashida ta goge tabarau, ta ɗaga waya ta ɗauki hotonsa riƙe da tarwaɗa, baki har kunne, rijiya cike a bayansa. Sannan ta juya wajen Mai Unguwa.

"Baba, wallahi kun faranta mini rai. Na yi yawo a ƙauyuka da dama, ban taɓa ganin gari mai albarkar ruwa irin naku ba. Kun ma sauƙaƙa mini aiki. Da ina ta tunanin yadda zan zaɓa tsakaninku da maƙwabtanku, don abin da na gani a can ya tayar mini da hankali. Yanzu kam babu wata shakka. Burtsatse ta Gidan Ɗanasabe ce. Allah Ya ƙara muku albarka."

Babu wanda ya ce amin.

Ta nufi mota. Hansai ta fizge ƙafarta ta fito tsakar fili, mayafi a hannu. "Shitu!" Rabon da ta kira sunansa a gaban mutane tun kafin a ɗaura musu aure. "Ka tsaya kana riƙe da kifi? Ruwan 'ya'yanmu ne ke shiga mota!"

Sai gari ya rikice. Mata suka ture zana suka fito, maza suka yi caa, Mai Unguwa na neman sandarsa, ba don tafiya ba. Shitu ya ga babu mafita sai gaba. Ya tattare babbar riga ya bi mota da gudu, tarwaɗa na wutsil-wutsil a hannunsa, yana kururuwa.

"Hajiya! Hajiya, tsaya! Ƙarya nake yi! Wallahi ƙarya nake yi! Ruwan dam ne! Akwai tampol a ciki!"

Shekara da shekaru muna jiran ranar da za mu ji wannan kalma daga bakin Shitu, sai ga shi yana shelarta da kansa a tsakiyar gari, har da rantsuwa.

Mota ta tsaya, gilashi ya sauka. Shitu ya dafa ƙofa yana haki.

"Malam," in ji injiniya, "wace zan ɗauka, ta ɗazu ko ta yanzu?"

"Ta yanzu, Hajiya. Ni ba a taɓa sanina da gaskiya irin ta yanzu ba."

"To ɗazu gari guda na tambaya, har da tsohuwa, kowa ya ce sai godiya. Ka ce rijiyarku ba ta taɓa ƙafewa ba. Yanzu da ka ji an ba wasu, ta ƙafe?"

"Ki dawo gobe ki gani, ko ɗigo ba za ki samu ba!"

"Idan gobe babu ko ɗigo, ai sai in ce kwashewa kuka yi. Mutanen da suka iya cika rijiya, kwashe ta ba zai gagare su ba." Ta yi murmushi. "Ku yi haƙuri. Idan an sake samun wata, za a duba ku."

Jibril direba ya miƙo hannu ta taga. "Malam, kifin nan na baƙi ne ko?" Shitu, da hankalinsa ya riga ya yi gaba, ya miƙa masa. Mota ta tashi a wanke tas da ruwanmu, ta bar shi tsaye da ƙarnin kifi a hannu.

Bai juyo ba sai da ya ji numfashin gari a bayansa. Ya waiwayo a hankali, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Kun ji ta ce za a duba mu. Wannan a yaren gwamnati babbar magana ce."

Abin da ya cece shi a ranar shi ne rigar ta aro ce, mai ita ya shiga tsakani don kada a yaga masa kaya.

Kafin damina ta sauka aka haƙa burtsatse a Gidan Ɗanasabe, da tanki a sama da famfuna a jere. Ranar buɗewa suka gayyace mu, muka je da kunyarmu. Tsoho Ɗanasabe ya miƙe a gaban jama'a ya ce ruwa na Allah ne, duk mai buƙata daga Unguwar Sada ya zo ya ɗiba, babu shamaki. Sannan ya ce sun yi shawara a gidansu, sun ga bai kamata a manta da wanda ya yi ɗawainiyar kawo musu wannan alheri ba, don haka sun raɗa wa rijiyar suna Burtsatsen Shitu. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Shitu kuwa, Allah Ya shirye shi, ya miƙe ya ɗaga hannu biyu yana amsa gaisuwa.

A gida Mai Unguwa ya yanke hukunci. Aka sayo kurar ruwa aka damƙa wa Shitu, aka ce tunda shi ya kai burtsatse tsallaken rafi, shi zai riƙa dawo da ita gida jarka-jarka, yana farawa da randar Iya Bilki, yana ƙarewa da ta Hansai.

Safiyar farko ya tura kurarsa har Gidan Ɗanasabe, ya tarar da layi ya miƙe. Ya wuce kowa ya nufi famfo kai tsaye, yana faɗin, "Ku matsa, ku matsa, mai abu ya zo. Ko ba ku san sunan wa take amsawa ba?"

Tsoho Ɗanasabe na zaune a kan kututture yana gyara ƙotar fartanya. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Mun sani, Malam Shitu, mun kuma gode. Amma nan layin waɗanda ba su da ruwa ne. Kai da rijiyarku har da kifi, gaggawar me kake yi? Koma baya."